Hayaƙi ko Gado: Abin da Aka Gano Kan Furotin Masu Gadin Huhu da Haɗarin Kansa

Duk inda aka tayar da zancen taba da kansar huhu, ba a rasa mai kawo misalin wani dattijo da ya shekara hamsin yana zuƙar sigari, ya kai casa'in huhunsa lafiya lau, ko wata baiwar Allah da ko warin taba ba ta so amma cutar ta kama ta. Misalan nan ba ƙarya ba ne. Mafi yawan masu shan taba ba kansar huhu ce ajalinsu ba, kuma akwai waɗanda ba su taɓa sha ba da take kamawa. Daga nan tambaya take tasowa: shin akwai wani abu da ake haihuwar mutum da shi wanda yake kare shi, ko yake bayar da shi?

Kusan shekara arba'in ke nan masu bincike suna neman amsar a cikin wasu furotin da aikinsu shi ne kare ƙwayoyin jiki daga ɓarnar oksijin da gubar hayaƙi. Abin da ke isowa ga mai karatu kuwa sau da yawa a hargitse yake. Yau a ce an gano ƙwayar gadon da ke ninka haɗari, bayan shekara biyu a ce wani binciken bai ga komai ba, a gefe kuma ga kamfanoni suna tallar gwajin DNA da ƙwayoyin bitamin. Batun ba ƙarami ba ne. Hukumar IARC, reshen Hukumar Lafiya ta Duniya mai binciken kansa da ke birnin Lyon a Faransa, ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum kusan miliyan 2.5 suka kamu da kansar huhu, kimanin miliyan 1.8 suka mutu. Babu kansar da ta kai ta kisa.

## Tartsatsi, masu gadi da rubutun gado

Oksijin da muke shaƙa shi ne yake ƙona abinci a cikin ƙwayoyin jiki ya ba mu ƙarfi. Amma kowace wuta tana da tartsatsi. A yayin wannan ƙonawa, wani ɗan kaso na oksijin yakan kufce ya zama wasu ƙananan sinadarai marasa natsuwa, waɗanda duk abin da suka taɓa sai sun lahanta shi: kitsen da ya kewaye ƙwayar jiki, furotin, ko DNA kanta. A wannan sharhi za mu kira su tartsatsin oksijin. Ɓarnar da suke yi dangin tsatsar ƙarfe ce, ko yadda tuffa take yin duhu in an yanka ta an bar ta a iska.

Duk abin da ke kashe wannan tartsatsi shi ake kira antioksidan. Yawancin mutane in sun ji kalmar, bitamin C da E suke tunawa, alhali babban aikin ba a hannun bitamin yake ba. Jiki yana ƙera furotin nasa na musamman, enzayim, da suke miƙa wa juna aiki. SOD, wanda Joe McCord da Irwin Fridovich suka gano aikinsa a 1969, yana karɓar tartsatsin farko ya mayar da shi haidurojin faroksayid. Wannan ma guba ce, don haka sai katalas da GPX su karɓe ta su mayar da ita ruwa. Wanda ya taɓa zuba ruwan faroksayid a kan rauni ya ga kumfa ta taso, aikin katalas ya gani. Sai dangin GST, waɗanda aikinsu ya ɗan bambanta: suna kama guba su liƙa mata wani sinadari mai suna gulutatayon, ta zama mai narkewa a ruwa yadda jiki zai iya fitar da ita.

Kowane furotin yana da umarnin ƙera shi a rubuce cikin DNA, kuma wannan umarni shi ne ƙwayar gado. Mutum yana da kimanin 20,000 masu ƙera furotin, kusan kowacce kwafi biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Rubutun ya kai haruffa biliyan 3, kuma in aka jera na mutum biyu, fiye da kashi 99 cikin ɗari iri ɗaya ne. Ragowar ɗan bambancin shi ne batunmu. Wani lokaci harafi ɗaya ne ya canja, furotin ya fito ya ɗan fi kuzari ko ya ɗan fi sanyi. Wani lokaci kuma shafin ne gaba ɗaya babu. Irin waɗannan bambance-bambance ba cuta ba ne. Sun bazu cikin miliyoyin mutane masu ƙoshin lafiya, kamar dai rukunin jini.

## Abin da hayaƙi ke yi idan ya shiga

Huhu yana karɓar iska kimanin lita 10,000 a kowace rana, kuma duk abin da iskar ta ɗauko a kansa yake sauka. Shi ya sa yake da tanadi na musamman. Ruwan da ke shafe a bangonsa na ciki yana ɗauke da gulutatayon ninki ɗari ko fiye a kan abin da ke cikin ruwan jini.

Hayaƙin taba yana rinjayar wannan tanadi. Akwai sinadarai fiye da 7,000 a cikinsa, kimanin 70 an tabbatar suna jawo kansa. Ɓarnar tana zuwa ta hanya biyu. Hayaƙin kansa cike yake da tartsatsi, sannan yana tayar da kumburi, fararen ƙwayoyin jini su taru a huhu su ƙara zuba nasu tartsatsin da suke yaƙar ƙwayoyin cuta da shi. Hanya ta biyu ta fi ban mamaki. Wasu gubobin, irin su benzofayirin da ke cikin kwaltar hayaƙi, ba su da kaifi sosai sa'ad da suka shiga. Jiki ne da kansa, garin ƙoƙarin sarrafa su, yake fara wasa su: wani enzayim mai suna CYP1A1 ya juya benzofayirin ya zama sinadari mai manne wa DNA. A 1996 aka nuna cewa wuraren da wannan sinadari ya fi mannewa a cikin TP53, ƙwayar gadon da ke taka wa kansa birki, su ne wuraren da aka fi samu a lalace a cikin kansar masu shan taba.

Ke nan tsere ake yi: ko GST ya cafke gubar ya fitar da ita, ko ta riga shi isa DNA. Da wannan hoton a rai, hasashen masu bincike ba shi da wuyar ganewa. Wanda masu gadinsa suka fi sanyi, ya kamata a ce DNA ɗinsa ta fi shan duka daga karan sigari guda.

## Inda zargin ya samo asali

A 1950 Richard Doll da Austin Bradford Hill a Birtaniya, da Ernst Wynder da Evarts Graham a Amurka, suka wallafa binciken da ya ɗaure taba da kansar huhu. Ba a jima ba shahararren masanin lissafi Ronald Fisher ya ja da maganar. A ganinsa mai yiwuwa wani abu ne na gado yake sa mutum sha'awar taba kuma yake sa shi kamuwa da kansa, ba tabar ce ke jawo cutar ba. Fisher ya yi wa wani kwamitin kamfanonin taba na Birtaniya aikin ba da shawara, kuma masana'antar ta riƙe wannan hujja ta gado shekara da shekaru. Abin da ya rushe ta shi ne bibiyar likitocin Birtaniya da aka fara a 1951: waɗanda suka daina shan taba haɗarinsu ya sauka ƙasa da na waɗanda suka ci gaba, alhali gadonsu bai canja ba. Wannan tarihi yana daga cikin dalilan da suka sa masana lafiyar al'umma har yau suke ɗari-ɗari da duk zancen da zai ɗauke ido daga hayaƙi ya mayar kan jini.

Duk da haka gadon bai fita daga lissafi ba. A 1963 George Tokuhata da Abraham Lilienfeld suka nuna cewa cutar tana taruwa a wasu iyalai ko da an cire tasirin taba. Binciken tagwaye na ƙasashen arewacin Turai da aka wallafa a 2016 ya ƙiyasta rabon gado a bambancin haɗarin kansar huhu da kimanin kashi 18 cikin ɗari, wanda ya yi ƙasa da na kansar mafitsara ta maza ko ta mama. Akwai rabo, amma ɗan kaɗan ne, kuma wani ɓangarensa gadon son nikotin ne, ba gadon raunin huhu ba.

## GSTM1: shafin da rabin mutane ba su da shi

Babu ƙwayar gadon da ta sha bincike a wannan fanni kamar GSTM1. A 1986 Seidegård da abokan aikinsa suka ba da rahoton cewa masu shan taba da suka kamu da kansar huhu sun fi rashin wani nau'in GST a jininsu. Bayan shekara biyu aka gano dalili: a wajen mutane da yawa ƙwayar gadon ce babu ita ɗungurungum, daga ɓangaren uwa da na uba. Kimanin rabin Turawa da rabin mutanen gabashin Asiya haka suke. A tsakanin 'yan Afirka adadin ya fi ƙanƙanta, galibi tsakanin kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari. 'Yar'uwarta GSTT1 ma tana ɓacewa haka, a wajen kusan kashi 20 cikin ɗari na Turawa da kusan rabin mutanen gabashin Asiya.

Bincike ya yi ta fitowa, kowa da nasa sakamakon. A 2006 Zheng Ye da abokan aikinsa suka tattara bincike 130, masu ɗauke da marasa lafiya fiye da 23,000 da masu lafiya fiye da 30,000, suka haɗa lissafin. Rashin GSTM1 ya zo da ƙarin haɗari na kashi 18 cikin ɗari, rashin GSTT1 kashi 9. Amma da suka ware manyan binciken kaɗai, sai na GSTM1 ya sauka zuwa kashi 4, adadin da ba za a iya bambanta shi da sifili ba, na GSTT1 kuma ya ɓace. Wato ƙananan binciken ne suka ɗaga lissafin.

A ɗauka ma cewa kashi 18 ɗin ne daidai, a nan ne yawancin masu karatu suke ruɗewa. Ƙarin kashi 18 ba yana nufin mutum 18 cikin 100 za su kamu ba. Ƙari ne a kan haɗarin da mutum yake da shi tun farko. Richard Peto da abokan aikinsa sun lissafa a 2000 cewa cikin mazan Birtaniya 100 da suka ci gaba da shan taba, kimanin 16 kansar huhu za ta kashe kafin su cika shekara 75. In aka raba wannan adadi bisa GSTM1, rabi da rabi, za a samu wajen 15 ga masu ita, 17 ga marasa ita. Yanzu a duba abin da daina sha ya yi a lissafin nan nasu: wanda ya daina yana da shekara 60, haɗarinsa 10 ne, a 50, 6, a 40, 3, a 30, bai kai 2 ba. Wanda bai taɓa sha ba kuwa ƙasa da 1. Tazarar da gado ya buɗe maki biyu ce. Tazarar da hayaƙi ya buɗe ta kai goma sha biyar.

Akwai kuma wani juyi. A 2000 Stephanie London da abokan aikinta suka wallafa bibiyar da suka yi wa dubban maza a Shanghai. Sun auna wasu sinadarai da ake samu a kabeji da danginsa a cikin fitsarin mutanen, suka ga waɗanda suke da su sun fi tsira daga kansar huhu, kuma tsirar ta fi ƙarfi ga waɗanda ba su da GSTM1 da GSTT1. Bayanin da aka bayar shi ne GST ba ya tantance guba da magani, duk shara ce a wurinsa. Wanda ba shi da shi, sinadarin kabejin ya fi daɗewa a jikinsa. Rashin da ake ɗauka rauni ne a gaban hayaƙi sai ya zama riba a gaban wani abu dabam.

## Sauran masu gadi, da matsalar kaifi biyu

Labarin sauran bai fi wannan daidaita ba. SOD2, wanda ke aiki a cikin mitokondiriya, murhun ƙwayar jiki, yana da nau'i biyu da tubali ɗaya ya raba su, kuma ɗaya ya fi saurin shiga murhun. Sai dai SOD mai kuzari faroksayid mai yawa yake samarwa, in kuwa katalas da GPX ba su iya kwashe ta ba, an gudu ba a tsira ba. Shi ya sa wasu binciken suka zargi wannan nau'in, wasu suka zargi wancan.

GPX1 ya fi fito da matsalar fili. Binciken da aka yi kan mazan Finlan masu shan taba a 2000 ya sami cewa wani nau'insa yana kusan ninka haɗari. A 2007 wani bincike a Denmak ya sami cewa wannan nau'in dai raguwar haɗari yake tafe da ita. NQO1 kuwa yana kashe wasu gubobi yana kunna wasu, don haka nau'insa marar aiki, wanda ya fi yawa a gabashin Asiya fiye da Turai, ba a iya cewa alheri ne ko sharri sai an san irin gubar da mutum yake shaƙa. MPO ma ba mai gadi ba ne, shi ne makamin da fararen ƙwayoyin jini suke samar da tartsatsi da shi. Binciken farko ya nuna masu nau'in da ke ƙera shi kaɗan sun fi tsira, na baya bai tabbatar da haka ba.

## Tankaɗe da rairayar 2008

Duk binciken ƙwayoyin gadon masu gadi da aka ambata a sama salo ɗaya ne: a zaɓi ƙwayar gadon da ake zargi, a je a duba ta. Bayan kammala karanta DNA ta ɗan Adam a 2003, sai aka samu na'urorin da za su duba wurare dubu ɗaruruwa a lokaci guda ba tare da an zargi kowa ba. A 2008 ƙungiyoyi uku, kowacce da kanta, suka nuna wuri ɗaya a kuromozom na 15, ɗaya daga cikin ƙunsoshin da DNA take naɗe a ciki. Abin da ke wurin ba antioksidan ba ne. Ƙwayoyin gado ne masu ƙera furotin ɗin da nikotin yake kamawa a jijiyoyi, irin su CHRNA5. Masu wani nau'insu sun fi shan sigari da yawa, sun fi zuƙa da ƙarfi, sun fi wahalar dainawa. Sai wani wuri a kuromozom na 5 mai alaƙa da TERT, ƙwayar gadon da ke taimaka wa ƙwayoyin jiki su ci gaba da rabuwa, da wani a na 6. Babban binciken 2017, mai marasa lafiya fiye da 29,000 da masu lafiya fiye da 56,000, ya lissafa wurare 18. Shahararrun ƙwayoyin gadon antioksidan da aka yi shekaru ana bi ba su ne suka fito a sahun gaba ba.

## Yadda masana suka rabu

Ɓangare ɗaya yana ganin shari'ar ta ƙare. Hujjarsu ita ce yawancin tsofaffin binciken mutum ɗari biyu ko uku suka ƙunsa, kuma a irin wannan adadi sa'a kaɗai tana iya haifar da sakamako. Mujallu sun fi karɓar binciken da ya gano wani abu, wanda bai gano komai ba yakan tsaya a aljihun tebur, don haka abin da aka wallafa ya karkata. Ga kuma matsalar asali: in marasa lafiya da masu lafiya ba daga al'umma iri ɗaya aka ɗebo su ba, bambancin asali zai fito da kamannin bambancin cuta. Sannan mai binciken da ya raba mutanensa gida-gida, maza da mata, masu sha da yawa da masu sha kaɗan, ba zai rasa gidan da lissafi ya yi daidai da fatarsa ba.

Ɗaya ɓangaren yana cewa an yi gaggawar rufe littafi. Na'urorin tankaɗe na farko canjin harafi suke gani, ba sa ganin shafin da ya ɓace kai tsaye, kuma GSTM1 da GSTT1 ɓacewa suke yi. Na biyu, tasirin mai gadi ba ya bayyana sai akwai ɓarawo, don haka haɗa mutanen da suke shaƙar abubuwa dabam-dabam a lissafi ɗaya yana shafe shi. Suna kawo misalin gundumar Xuanwei a lardin Yunnan na ƙasar Sin, inda matan da ba sa shan taba suke da kansar huhu mai yawan gaske saboda hayaƙin kwal da ake girki da shi a cikin ɗaki. Wani ƙaramin bincike a can ya sami haɗari kusan ninki biyu ga marasa GSTM1. Na uku, waɗannan enzayim a sarƙe suke aiki, kuma duba ɗaya a bar sauran kamar auna ƙarfin igiya ne da zare ɗaya.

Akwai abin da ɓangarorin biyu suka yarda da shi. Mafi yawan mutanen da aka yi wa binciken tankaɗe 'yan asalin Turai ne, sai na gabashin Asiya, alhali Afirka ce ta fi kowace nahiya yawan bambancin gado. Lissafin da aka gina a kan wata al'umma ba lallai ya zauna daidai a kan wata ba. In aka auna hujjojin duka, abin da ya fi ƙarfi shi ne tasirin yana iya kasancewa, amma ƙarami ne, kuma yana sauyawa da abin da mutum yake shaƙa da abin da yake ci. Babu wani nau'i guda daga cikinsu da ya kai a gina shawarar likita a kansa.

## Darasin ƙwayoyin bitamin

Wani zai ce, in masu gadin jiki sun yi sanyi, me zai hana a ƙara musu ƙarfi da ƙwayoyi? An gwada, kuma gwajin ya zama garin neman gira a rasa ido. A Finlan an raba maza 29,133 masu shan taba rukuni-rukuni, wasu aka ba su beta-karotin, wani antioksidan da ake samu a karas, wasu bitamin E, wasu duka biyun, wasu ƙwaya marar komai. Sakamakon da ya fito a 1994 ya nuna kansar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin ɗari ga masu shan beta-karotin, bitamin E kuma bai rage ta ba. A Amurka gwajin CARET, mai mutum 18,314, masu shan taba da waɗanda suka daina da ma'aikatan da suka shaƙi ƙurar asbestos, an tsayar da shi a farkon 1996 kafin wa'adinsa, saboda kansar huhu ta ƙaru da kashi 28 ga masu shan beta-karotin haɗe da bitamin A. A 2022 kwamitin ƙwararru na Amurka mai ba da shawara kan rigakafi ya sake jaddada cewa kada a sha beta-karotin ko bitamin E don kauce wa kansa.

Wani ɓangare na bayanin ya fito daga baya. Tartsatsin oksijin ba abokin gaba ba ne kawai. Ƙwayar jikin da ta fara rikiɗa zuwa kansa tana tara tartsatsi mai yawa, kuma wannan tartsatsi yana cikin abin da ke kashe ta. Kashe shi yana iya zama ceto gare ta. A 2014 ƙungiyar Martin Bergö a Gothenburg ta ƙasar Suwidin ta nuna cewa ɓerayen da suka fara kansar huhu, in aka ba su bitamin E ko wani antioksidan mai suna NAC, kansar tana saurin girma kuma suna saurin mutuwa. Binciken ɓera ne, ba a ɗora shi kai tsaye a kan mutum, amma ya tafi hanya ɗaya da gwaje-gwajen da aka yi wa mutane.

Ita kansar ma ta san amfanin masu gadi. Akwai furotin mai suna NRF2 wanda yake kunna ƙwayoyin gadon antioksidan da yawa a lokaci guda, da wani, KEAP1, da yake riƙe shi sai an buƙace shi. A kusan kashi ɗaya cikin uku na wani nau'in kansar huhu da ya fi kama masu shan taba, ana samun wannan tsari a lalace yadda NRF2 yake zama a kunne kullum. Irin wannan kansar ta fi jure magani da gashin da ake yi wa kansa da na'ura. A nan sai an kiyaye: wannan lalacewa ba gado ba ce. A cikin ƙwayoyin kansar kaɗai take faruwa, a tsawon rayuwar mutum, kuma ba ta wucewa ga 'ya'ya. Gwajin da likitan kansa yake yi wa tsokar da aka ciro don zaɓen magani dabam yake da gwajin yawu da kamfanoni suke sayar wa mai lafiya.

## Abin da wannan ke nufi ga mai sha da wanda ba ya sha

Ga mai shan taba, sakamakon gwajin GSTM1 ko SOD2 ba zai canja shawarar da za a ba shi ba, ko ya fito fari ko baƙi. An ma gwada ko sanin sakamakon zai sa mutane su daina. Nazarin da aka wallafa a 2016, wanda ya haɗa gwaje-gwajen da aka gaya wa mutane haɗarinsu na gado, ya sami cewa bayanin bai canja halayyarsu ba sai ɗan abin da ba a rasa ba, har da batun taba. Akwai kuma fargabar cewa wanda aka ce masa nasa masu gadin suna da ƙarfi zai ɗauka an ba shi lasisi. Ko da kansar huhu ta tsallake shi, ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki da toshewar hanyoyin numfashi suna nan, kuma taba tana kashe kusan rabin waɗanda suka dawwama a kanta.

Hoton huhu na CT mai ƙaramin haske, wanda babban gwajin Amurka na 2011 ya nuna yana rage mutuwa daga kansar huhu da kashi 20 cikin ɗari, ba da gado ake zaɓen waɗanda za a yi wa ba. Ƙa'idar Amurka ta 2021 shekaru da tarihin sha take dubawa: mai shekara 50 zuwa 80, wanda ya sha kwatankwacin kwali ɗaya a rana na shekara 20, kuma yana sha har yanzu ko bai wuce shekara 15 da dainawa ba. Ana binciken ko haɗa ɗaruruwan ƙananan bambance-bambance a maki guda zai taimaka wajen zaɓen, amma wannan bai shiga ƙa'idar ba.

Ga wanda ba ya sha, abubuwan da aka tabbatar su ne hayaƙin wasu, iskar radon da ke fitowa daga ƙasa ta taru a ɗaki, ƙurar asbestos da ta dutse a wurin aiki, hayaƙin kwal a cikin gida, hayaƙin dizal wanda IARC ta sanya a jerin masu jawo kansa a 2012, da gurɓatacciyar iskar waje da ta bi shi a 2013. Kayan lambu da 'ya'yan itace ba su shiga gargaɗin da aka yi kan ƙwayoyi ba, domin gwaje-gwajen da suka nuna illa sinadari guda ne aka ware aka ba da shi da yawa.

Bayanin gado mafi amfani da mutum zai iya kai wa likita ba ya buƙatar na'ura: ko mahaifi, mahaifiya ko ɗan'uwa na jini ya taɓa yin kansar huhu, kuma yana da shekara nawa. Tarin da ya wuce mako uku, jini a majina, ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi ko rama ba dalili, duk suna buƙatar a je asibiti. Alamomin nan sun yi kama da na tarin fuka, don haka wanda ya sha maganin tarin fuka bai ga sauƙi ba, ya koma a sake duba shi.